Tarihin Bauta a Ƙasarmu: Da Me Za Mu Koyar da 'Ya'yanmu?



A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da maido da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma ba ya cikin manhaja a matsayin darasi mai cin gashin kansa. Tun daga lokacin malamai ke ta neman abin da za su shiga aji da shi. Duk malamin da ya buɗe wayarsa ya nemi kayan koyar da tarihin bauta da wariyar launin fata zai samu tuli guda: zanen jiragen ruwa da aka jera mutane a ciki, gonakin audugar Amurka, hotunan Martin Luther King. Kaya ne masu amfani, amma don yaran Amurka aka tsara su. Yaron Paikon Kore da ya tsaya a kansu zai tashi da zaton bauta wani abu ne da Turawa suka yi wa baƙar fata can a ƙetaren teku, babu ruwan ƙasar da yake takawa.

Alhali kuwa wannan yanki namu na Gwagwalada da kewaye yana cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗar farautar bayi a ƙarni na 19. Muna kuma da littattafai da shaidu a kan haka, wasu ma da Hausa aka faɗe su ko aka rubuta su. Su muke so mu gabatar, tare da tarihin da ke cikinsu.

Abin da ya faru a wannan yankin

A farkon jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya rasa Zariya, ya yo kudu da jama'arsa ya sauka Zuba, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumarmu ta Gwagwalada. Bayan rasuwarsa, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wato Suleja ta yanzu. Daga nan mutanen asalin wannan ƙasa, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, suka samu kansu a tsakiyar masu ƙarfi ta kowace fuska. Ga Zariya daga arewa. Ga Keffi da Nasarawa daga gabas, waɗanda ke kai wa Zazzau gaisuwar shekara, bayi na ciki. Ga Bida ta Nufawa daga yamma. Ga Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa, ɗansa Ibrahim kuma ya yi ƙaurin suna wajen kai hari ƙasar Gbagyi. Ita kanta Abuja, ko da yake ba ta taɓa faɗawa hannun masu jihadi ba, ta kai nata hare-haren. Sarkinta Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma sunan ya isa bayani.

Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin ƙauyukan Gbagyi da yawa suke bisa duwatsu ko a gindinsu, wasu da ganuwar dutse. Hawa dutse da tulun ruwa ba daɗi gare shi ba, tsoron mahaya ne ya kai mutane can. Sai bayan da hare-hare suka ƙare aka riƙa saukowa fili. Malamin da ya ɗauki ɗalibansa ya nuna musu kufan irin waɗannan ƙauyuka ya ba su darasin da allo ba zai ba su ba.

Littafin da ya fi kusa da mu a nan shi ne tarihin Abuja da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, Frank Heath ya fassara shi aka buga da Turanci a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Daga ɓangaren fada aka ba da labarin, saboda haka mai karatu zai ji muryar sarakuna fiye da ta waɗanda aka kai wa hari. Cikon labarin yana bakin dattawan Gbagyi da Bassa da muke zaune da su.

Yawan abin da kuma yadda aka tsara shi

Hugh Clapperton, Baturen da ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu Slow Death for Slavery na 1993, sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a Daular Sakkwato. Don a gane girman wannan adadi, ƙidayar Amurka ta 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4. Ke nan muna cikin manyan ƙasashen bayi na wancan ƙarni.

Harshenmu kansa ya adana tsarin. Rinji shi ne ƙauyen da ake zaunar da bayi su yi noma, jam'insa rumada. Suna aiki a gandun ubangida, a ba su gayauna su noma na bakinsu. Wanda aka haifa cikin bauta shi ne bacucane ko dimajo, kuma a al'ada ba a cika sayar da shi ba. Murgu shi ne kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Fansa ita ce kuɗin da ake biya a saki mutum. Ƙwarƙwara ko saɗaka ita ce baiwar da ubangida ya ajiye a ɗaka. Ga kuma bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ikonsu ya fi na 'ya'yan sarauta da yawa.

Saboda irin waɗannan bayin sarki ne wasu ke cewa bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce, bawa ɗan gida ne. Gaskiya ne ta bambanta da ta Amurka: ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado, sarakuna da dama ma haka aka haife su. Amma kafin mutum ya zama ɗan gida, sai da aka ƙone ƙauyensu, aka raba shi da uwarsa, aka ɗaura masa igiya aka kai shi kasuwa aka yi cinikinsa. Wannan ɓangaren ne bai kamata a tsallake a aji ba.

Littattafai uku da suka isa a fara da su

Na farko yana hannunmu tun muna yara, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutu ta Hukumar Fassara a Zariya. Yawancinmu mun karanta shi a matsayin labarin malami mai haƙuri da tawakkali. In aka sake karanta shi da idon tarihi, za a ga taswirar cinikin bayi daga tushe har ƙarshe: harin da aka kai ƙasar Gwari, sace yaro, kai shi Kano, ratsa Sahara da ayari, da uwar da ta fita neman ɗanta ita ma ta faɗa bauta har aka kai ta Tarabulus. Ƙagaggen labari ne, amma marubucin an haife shi a 1912, ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, an kuma gyara fim ɗin an nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Na biyu shi ne Baba of Karo. Baba Bahaushiya ce da aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Gidansu masu rinji ne, ta yi wasa da 'ya'yan bayi, ta bayyana yadda ake fita gandu da yadda ake aurar da su. Ta kuma ba da labarin yadda mahara suka kama wasu daga cikin danginta, sai da aka tara kuɗi aka fanso su. Darasin da ke nan babba ne: a wancan zamani wanda ya kwana da bayi a gidansa yana iya wayar gari shi ne a igiya.

Na uku labarin Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama yana ɗan shekara goma sha, aka kai shi Kukawa ta Borno. Baturen Jamus Adolf Overweg ya saye shi ya 'yanta shi, bayan mutuwarsa ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sannan Ingila a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarinsa, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin tsofaffin tarihin rayuwa da aka buga da Hausar boko, kuma muryar wanda aka kama ce da kansa. Dorugu ya dawo gida, ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Hausawa a ƙetaren teku

Daga nan ne ya dace a haɗa yaro da labarin Atlantika, domin a lokacin ya san daga inda aka ɗebo mutanen. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka cikin ƙarni kusan huɗu. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da yawa cikin wannan hanya, ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa bakin teku, yawancinsu kuma aka sauke su a Bahia ta ƙasar Brazil. A can ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta gano shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairu 1835, cikin azumin Ramadan, aka yi babban tawayen da ake kira na Male, wanda Musulmi Yarbawa suka jagoranta tare da wasu Hausawa. 'Yan sanda sun samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, wasu takardun suna nan a ajiye har yau. Brazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Batun launin fata ma malamanmu na Afirka ta Yamma sun riga Turawa tattauna shi. A 1615 mutanen Tuwat da ke Sahara suka aiko wa Shehu Ahmad Baba na Tambutu tambaya game da bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙaƙe. A amsarsa, Mi'iraj al-Su'ud, ya rushe zancen da ake yi cewa baƙar fata la'ana ce da ta halatta bautar da mutum, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu ma ya yi hani ga bautar da Musulmi 'yantattu. Sai dai wannan kariya ba ta kai ga waɗanda ba Musulmi ba, kuma mahara sun sha fakewa da haka. Ɗalibin sakandare ya isa a gaya masa duka biyun.

Zuwan Turawa da mutuwar bauta a hankali

Ana yawan cewa Lugga ya zo ya 'yanta bayi. Abin bai kai haka sauƙi ba. Dokarsa ta 1901 ta hana kai hari da saye da sayarwa, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Amma waɗanda ke cikin bauta ba a sake su ba. Turawa suna bukatar sarakuna don mulki da haraji, suna tsoron gandaye su zama kufai. Saboda haka aka riƙa hana wanda ya gudu filin noma, aka tura masu son 'yanci gaban alƙali su fanshi kansu ta hanyar murgu. Duk da haka bayi ba su jira izini ba. An ƙiyasta kimanin 200,000 suka gudu a shekarun da Turawa ke cin ƙasar, wasu suna neman hanyar garuruwan da aka ɗebo su. Baba ta Karo ta ga yadda rinjinsu ya watse. A Satiru kusa da Sakkwato, inda aka yi tawaye a 1906 aka murƙushe shi da kisa mai yawa, gudaddun bayi na cikin waɗanda suka taru.

Yankinmu ma yana cikin labarin. A 1902 Turawa suka ci Abuja. A watan Oktoba na shekarar Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, abin da Lugga ya sa cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a 1903. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake kuma ba a san iyayensu ba, an tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru, daga baya aka miƙa su ga mishan a Rumasha bakin kogin Binuwai. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Shekara 90 ke nan ko ƙasa da haka. Akwai masu rai a yau da kakanninsu suka yi bauta, akwai waɗanda kakanninsu suka mallaki bayi, kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci.

Turawan da suka hana bauta sun shigo da tasu wariyar. A tsarin biranen mulkin mallaka ana barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A 1947 otal ɗin Bristol na Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda baƙi ne, alhali jami'i ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa gwamnati ta hana irin wannan wariya a wuraren jama'a.

Abin da gwagwarmayar Amurka ke koya mana

Amurka ta soke bauta a 1865, amma sai da baƙaƙenta suka yi kusan shekara ɗari suna fama kafin doka ta daidaita su da farare. Kotun ƙoli ta soke raba makarantu a 1954. Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery a 1955, jama'a suka ƙaurace wa bas-bas na kwana 381. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta zo a 1964, ta zaɓe a 1965. Jagororinsu sun san da mu: King ya zo Legas a Nuwamba 1960 wajen rantsar da Azikiwe, Malcolm X ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan a 1964. A daidai wannan zamani mu ma muna da namu: NEPU da aka kafa a Kano a 1950 tana neman 'yancin talaka, Hajiya Gambo Sawaba tana shan ɗauri don mata su yi zaɓe, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976.

Abin lura shi ne doka tana iya sakin mutum a rana ɗaya, amma raini yana daɗewa. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta, sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan Nijeriya wani haƙƙi saboda yadda aka haife shi. Amma har gobe ana fasa aure in bincike ya kai ga cewa kakan yaro bacucane ne. Har gobe ana zagi da "ɗan bayi", ana kiran wanda ya yi wauta "bagware", ba tare da mai faɗa ya san daga inda rainin ya samo asali ba. Maƙwabtanmu suna jin wannan kalma, kuma sunan da suke kiran kansu da shi Gbagyi ne.

A wasu wuraren ma abin ya wuce baki. Hadijatou Mani, 'yar yankin Birnin Ƙonni a Nijar, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, a matsayin abin da ake kira wahaya. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ECOWAS, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2017 kuma duniya ta ga bidiyon gwanjon baƙin haure a Libiya, a ƙarshen hanyar Saharar da ayarin Shaihu Umar ya bi.

Kiranmu ga malamai da iyaye

Muna ba da shawara a fara daga gida: kalmomin da yaro ya sani, duwatsun da yake gani, sannan Shaihu Umar, sannan Dorugu da Baba, daga nan a ƙetara teku. Ɗalibanmu na Jami'ar Abuja da ke da hali su leƙa Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda takardun wancan zamani suke. Matasa su zauna da dattawa, Hausawa da Fulani da Gbagyi da Bassa, su nemi izini su naɗi abin da suka ji daga kakanninsu, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ranar 23 ga Agusta da ranar 2 ga Disamba ranaku ne da duniya ta ware don tunawa da cinikin bayi da kawar da bauta, makarantunmu za su iya amfani da su.

Sharaɗi ɗaya muke roƙo a kiyaye: kada malami ya ambaci gidan kowa, kada a nuna yaro a ce ga jikan bawa ko ga jikan mahari. Babu wanda ya zaɓi kakansa. Masu cewa tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta, muna fahimtar tsoronsu. Amma yaran nan suna jin labarin ko mun so ko mun ƙi, a bakin rijiya da wajen neman aure, cikin sigar gori. Gara su ji shi a aji, daga bakin malami, da shekaru da sunaye da adalci ga kowane ɓangare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda ke da ɗaya daga cikin littattafan nan a gida, ko ya san dattijon da ke da labari, ya sanar da mu a taro mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Paikon Kore.